Hattara da masu tallan zoben daimon na hannu

Jama'a, musamman iyayenmu mata da angwaye masu haɗa lefe, a yi hattara da masu tallan zoben daimon na hannu a guruf-guruf na WhatsApp da shafukan Instagram da Facebook. Farashin da suke faɗa wani lokaci ko kuɗin gwal ɗin da ke jikin zoben bai kai ba, in da gwal ɗin na gaske ne. Labarin kuwa kusan ɗaya ne. Wai na wata Hajiya ce da jinya ta cinye mata kuɗi, ko wadda aurenta ya mutu ba ta son ganin zoben, ko kuma an tsince shi a aljihun kwat cikin dilar gwanjo. Daga nan sai gaggawa: akwai wata da za ta turo kuɗi bayan la'asar, in kina so ki riga ta.

Abin da ke kayar da mutane shi ne bidiyon gwaji. Za a ɗauko wata 'yar na'ura mai kama da biro, a dangwala tsininta a kan dutsen, fitilu su hau daga kore zuwa ja, ta yi ƙara. Sai a ce kin gani da idonki. To wannan na'urar ba ta san daimon ba, saurin da zafi ke ratsa dutse kawai take aunawa. Akwai dutsen da ake ƙerawa a masana'anta, mosanait, wanda ya shigo kasuwar kayan ado tun 1998, shi ma yana ɗaukar zafi kusan kamar daimon, don haka na'urar za ta yi masa ƙara har ta gaji. Galibi ana haɗo shi da wani kati mai rubutun GRA, mai sayarwa ya karanta da sauri ki ji kamar GIA ya ce. GIA ita ce cibiyar Amurka da duniya ta yarda da takardarta. Kowace takardarta tana da lamba da ake iya bincikawa a shafinta na intanet, kuma sau da yawa an zana lambar da leza a gefen dutsen. In ma an nuna miki takardar GIA, a duba ko nauyi da faɗin da ke rubuce sun dace da dutsen da ke hannu, domin kwafar lambar wani ba wuya ba ce.

Gwaji na biyu da suke so shi ne karta gilashi. Wannan ma wasa da hankali ne. A ma'aunin taurin duwatsu na Mohs, daimon yana kan 10, mosanait 9.25, zirkoniya (wani dutsen masana'anta mai kama da daimon) 8 zuwa 8.5, gilashi kuwa wajen 5.5 ne. Duk cikinsu babu wanda ba zai karce gilashi ba, har farin dutsen ƙanƙara da ke bakin rafi.

Zirkoniya, wadda ake rubutawa CZ, ita ce ta fi yawa a irin waɗannan zobba, kuma ita ce mafi sauƙin kamawa, balle a zoben da aka daɗe ana sawa. A nemi madubin maƙera mai ƙara girma sau 10 a dubi gefunan yankan dutsen. Na daimon suna nan da kaifinsu ko bayan shekara da shekaru. Na zirkoniya za ki ga sun dakushe, fuskar ta yi 'yan zane-zane, hasken ya dusashe saboda wanke-wanke da goga. In kika yi wa dutsen huci, hazon yakan ɗan jima a kan zirkoniya, a kan daimon kuwa nan take yake bajewa, sai dai wannan alama ce kawai, kada a biya kuɗi a kanta. In an cire dutsen, sikeli ya gama magana: daimon zagayayye mai faɗin milimita 6.5 nauyinsa wajen karat 1 ne, wato giram 0.2, zirkoniya mai wannan faɗin kuwa ta kusa karat 1.7. Shi mosanait, in aka leƙa ta gefen samansa da madubin, layukan yankan ƙasa sukan bayyana bibbiyu, kuma walƙiyarsa ta cika launukan bakan gizo fiye da kima.

A juya cikin zoben a karanta hatimi. 750 na nufin gwal 18, 585 gwal 14, 925 azurfa ce, GP kuwa ruwan gwal aka yi wa ƙarfe. Wasu ma CZ ɗin na nan a rubuce ɓaro-ɓaro, ba a dai duba ba. Amma hatimi kowa na iya bugawa, shi ya sa maƙerin gwal yake goga zobe a baƙin dutsensa ya ɗiga asid kafin ya buɗe baki. Don Allah ban da gwajin guduma ko wuta da ake koyarwa a bidiyo. Daimon na gaske ma yana tsagewa in ya sha duka.

Wani abin kuma, yanzu ana ƙera daimon a ɗakin gwaji. Daimon ne sak, zai wuce duk waɗannan gwaje-gwaje, amma farashinsa ya faɗi warwas, in kika tashi sayarwa ba ya dawo da kuɗi. Bambance shi da na haƙa sai na'urori na musamman.

Ni shawarata, duk gwajin da mai kaya ya yi da na'urarsa a bidiyonsa, ki ɗauka talla ce. Kada a yi cinikin biri a sama. A ce masa a haɗu a shagon mai gwal da ke kika zaɓa, ba wanda shi ya nuna ba. Ku tuna yadda 'yan gwal ke yi in an kai musu sarƙa ko zobe: su auna, su cire nauyin duwatsu, su biya kuɗin gwal zalla. Ke ma ki yi tayi a kan haka. In ya ce ba shi da lokaci, ko sai an fara tura rabin kuɗi, a bar masa kayansa. A kuma nemi rasit ko wata shaidar mallaka, domin in dutsen ya tabbata na gaske a wannan arahar, to akwai yiwuwar na sata ne, kuma karɓar kayan sata laifi ne da ke kai mutum gaban alƙali.

Wadda ta riga ta tura kuɗi, kada kunya ta sa ki share hirar. Ki ɗauki hoton saƙonnin da lambar asusun da shaidar turawa, ki je bankinki a ranar ki shigar da ƙorafi, sannan ki kai rahoto wurin 'yan sanda ko EFCC. Ki kuma sanar da mai kula da guruf ɗin ya cire lambar kafin ta kama wata.