Domke F-5XB ko Billingham Hadley Small: wacce ta dace da OM-1 ɗinka?

Ƙanena, na ga tambayarka a zaure tun daren jiya, na bari sai da na samu natsuwa. Ka ce kawunka ya bar maka kyamarar fim Olympus OM-1 da idanu biyu, wato gilasan da ake ɗaura mata a gaba, 50mm f/1.8 da 28mm f/3.5, kana fita da fim huɗu ko biyar, kuma yayanka zai dawo daga Ingila ƙarshen wata, ya ce ka zaɓi jakar rataye ɗaya ya riƙo maka. Ka tsaya tsakanin Domke F-5XB da Billingham Hadley Small. Na ga wasu sun ce ka ɗauki wadda ta fi soso mai kauri. Ni ba ta nan zan faro ba.

Fara ɗora kayanka a sikeli. OM-1 ta fito ne a 1972, kuma abin da ya sa ta yi suna shi ne ƙanƙanta: jikinta giram 510 ne. Idanun nan biyu kowanne bai kai giram 200 ba. Ka haɗa da fim biyar, duka-duka kana wajen kilo ɗaya. Kaya irin wannan ba ya neman katifa. Jikin ƙarfe ne da ya yi shekara hamsin yana yawo, soso kaɗan ya ishe shi. Abin da ya fi rauni a cikin jakarka shi ne fim ɗin, don shi ne zafi ke dafawa, shi ne kuma ke ɓacewa ko ya cakuɗe. Saboda haka tambayar da nake yi wa kowace jaka ita ce: ina zan sa sabon fim, ina zan sa wanda na gama, kuma zan iya bambance su da hannu kawai ba tare da na leƙa ba?

Dalilin wannan tambaya kuwa na ɗanɗana shi. Shekarun baya na je ɗaukar hoton walimar saukar Alƙur'ani ta ɗiyar yayata da wata jaka mai ciki ɗaya da na saya a kasuwa. Na gama fim na farko, na naɗe shi baya amma harshensa bai shige duka ba, na jefa shi cikin sauran. Da na zo ɗora na uku sai hannuna ya ɗauko shi, na sake ɗaukar hoto 36 a kan 36. Da aka wanke, dodon hoton ya fito fuska a kan fuska. Yarinyar ba ta da hoto ko ɗaya na lokacin da take karanta allonta, har yau abin yana damuna. Tun daga ranar nake shigar da harshen fim gaba ɗaya idan na gama, kuma ba na yarda da jakar da ba ta raba mini wuri biyu ba.

To, ga jakunkunan naka.

Domke 'yar Amurka ce. Jim Domke ɗan jarida ne mai ɗaukar hoto a jaridar Philadelphia Inquirer, ya fitar da jakarsa ta farko, F-2, a 1976, don yana son abin da zai lanƙwashe a jikinsa ya kuma zaro kyamara da sauri. F-5XB ƙaramar ƙanwarta ce, tsawonta wajen santimita 25, ta yadin kambas na auduga. Billingham kuwa 'yar Ingila ce, ana ɗinka ta a Cradley Heath kusa da Birmingham. Martin Billingham ya kafa kamfanin a 1973 yana yin jakar masu kamun kifi, sai ya gano masu hoto ne ke saye suna zuba kyamara, ya juya akalarsa can. Wannan asali yana nan a jikin kowacce. Ɗaya an yi ta don sauri, ɗaya an yi ta don mutumin da zai wuni a bakin kogi ruwa na dukansa.

Ta fuskar aljihu, Hadley Small ta yi gaba da nisa. Tana da aljihu biyu a gaba, masu ciki, marfin jakar yana rufe su duka. Na hagu sabon fim, na dama wanda aka gama, shi ke nan an kashe magana. Ko a tsakiyar hawan Sallah kake, dawaki na tahowa, idonka na kan hanya, hannunka ya san inda zai je. Har da sauran wuri na ɗan littafin rubutu da biro, da batirin ma'aunin haske, wanda ka san shi kaɗai ne aikin batir a OM-1, sauran duk na inji ne. Domke kuwa aljihun gabanta siriri ne, ya dace da takarda da ƙyallen goge gilashi, amma gwangwanin fim sai ya turo marfi. Cikinta akwai shamaki biyu da kake matsarwa, su ba ka ɗaki uku: kyamara da idonta, ido na biyu, sai fim. Ka ga sabo da tsoho sun kwana ɗaki ɗaya. Ana iya gyara wannan da 'yar jakar yadi mai zariya da za ka riƙa jefa waɗanda ka gama, amma dabara ce taka, ba jakar ce ta ba ka ba.

Wajen buɗewa da rufewa ne na fi daɗewa ina tunani, domin a nan kowacce tana da abin da ta fi 'yar'uwarta. Domke tana da zik a sama, sannan marfi ya sauko ya kama da Velcro, maɗaurin nan mai mannewa da ke ƙara idan an ɓalle shi. Rufi biyu ke nan. A lokacin hunturu, sa'ad da buji ke shiga har cikin tukunyar miya, zik ɗin nan alheri ne. Haka a cunkoson kasuwa ko tasha: ɗan sane ba zai zura hannu ba tare da ya ɗaga Velcro ya ja zik ba, kuma ba za a yi duka biyun ba ka ji ba. Sai dai wannan ƙarar da ke tsare ka ita ce ke tona ka. Ka tuna wurin ɗaurin aure, liman ya ɗaga hannu ana fatiha, kowa ya yi tsit, kai kuma ka ɓalle Velcro. Duk sahun gaba sai ya waiwayo, hoton da ka hango ya tafi. Sannan bakin jakar ƙarami ne, kyamara tana wucewa ne ta tsakanin haƙoran zik, dole ka saba buɗe shi har ƙarshe kafin ka zaro ta don kada ya riƙa gugar jikinta.

Hadley ba ta da zik a babban cikinta, ba ta da Velcro a marfi. Wasu igiyoyin fata biyu ne ke maƙalewa a kan ƙusoshin tagulla masu dunƙulallen kai. Mutane da yawa suna ganin ƙarfen ɗamarar da ke ƙasa su ɗauka ta nan ake buɗewa, alhali shi na daidaita tsawo ne kawai, ana saita shi sau ɗaya a manta. Da babban yatsa kake ture fatar daga ƙusa, ba ƙara ko kaɗan. Makon farko fatar tana da tauri, daga baya ta yi laushi. Marfin yana da kunnuwa a gefe da ke rufe kusurwoyi, kuma akwatin soson da ke ciki yana da nasa murfin. Ƙura ba ta samun hanya kai tsaye, amma ba zan ce ya kai zik toshewa ba. A ranar da hazo ya yi kauri, Domke ce a gaba.

Idan damina ta sauka kuwa sai a juya. Yadin Billingham hawa uku ne, da roba a tsakiya, ruwa ba ya ratsa shi. Kambas ɗin Domke yana jure yayyafi, amma ruwan Agusta mai kamar da bakin ƙwarya zai jiƙa shi. Suna da wani samfurin da aka shafe da kaki, ya fi jure ruwa, sai dai ban ba ka shawararsa ba: a zafin Afrilu kaki yana laushi, ƙura ta manne masa, kai kuma da farar shadda.

Nauyi da rataya: Hadley Small tana wajen giram 700 ba komai a ciki, wato ta kusa kamo nauyin kayan da za ka zuba mata. Domke ta fi ta sauƙi da ƙanƙanta, tana kwanciya a kwiɓi kamar gafakar almajiri. Maratayinta an saƙa shi da zaren roba, ba ya zamewa daga kafaɗa ko da kaftanin yana da santsi. Ana cire shi, kuma bayan jakar akwai hanyar zura bel, ka ɗaura ta a ƙugu idan za ka hau babur. Maratayin Hadley Small ɗinke yake da jikinta, ba ta da hannun ɗauka a sama, matashin kafaɗa ma daban ake sayensa. Mai son hannu da maratayi mai cirewa sai ya nemi Hadley Small Pro, da ƙarin kuɗi. Wani abu kuma, Hadley ta fi OM-1 zurfi, ƙaramin idonka na 28mm zai nutse can ƙasa. Ninke ƙyalle ka sa masa a gindi ya ɗago. Amfanin wannan sarari shi ne ran da ka ƙara ido na uku, ko ka samu ƙaramar kyamara irin Olympus XA ta aljihu, ba sai ka sake jaka ba. Kuma akwatin soson yana fita gaba ɗaya, ta zama jakar littafi.

Kuɗi ba sai an ja magana ba. Billingham tana ninka Domke sau biyu ko fiye. Kuma fata da tagulla suna jan ido, Domke kuwa ba mai kallonta sau biyu.

Akwai hanya ta uku da ba ka ambata ba, ina ganin bai kamata a tsallake ta ba. Muna da dukawa da teloli masu ɗinkin jaka, a Kurmi da wasu kasuwannin, waɗanda idan ka ba su awo za su yi maka abin da ya dace da kayanka daidai. Ka ce ciki ya zama tsawon santimita 25, faɗi 10, zurfi 17, aljihu biyu a gaba, marfi mai kunnuwa. Amma ka tsaya a kan abu uku. Jikin ya zama kambas, fata a baki-baki kawai, domin fata tana riƙe laima kuma rininta yana sauka a tufafi. Soson ya zama mai tauri irin na tafin silifa, ba na katifa ba, don na katifa yana ruɓewa ya zama gari ya shiga cikin kyamara. Shafin ciki kuma ya zama yadi mai haske, domin murfin ido baƙi ne, a baƙin ciki ba ka ganinsa. Kuɗin da ya rage ka sayi fim da shi, ka san yadda Kodak Gold 200 da Ilford HP5 suka yi tsada yanzu.

Idan ka ce lallai in zaɓa maka tsakanin biyun, Hadley Small zan ce, saboda aljihun nan biyu da kuma shirunta, tunda ka ce yawancin hotunanka na taron dangi ne da na cikin gari. Yayanka ya fara neman ta hannu, wadda wani ya yi amfani da ita, don irin jakar nan tana daɗewa, kuma igiyoyin fatar gaban ana sayar da su daban idan sun tsufa. In kuwa kuɗin zai takura shi, ko kuma yawonka na kan babur ne da kasuwannin ƙauye cikin ƙura, ka karɓi Domke da zuciya ɗaya, ka haɗa ta da 'yar jakar zariya.

Kowacce ka ɗauka, kada ka karɓi baƙa. Ka ce masa ruwan ƙasa, dukansu suna da ita. Baƙar jaka a ranar Kano tanda ce, fim mai launi kuwa zafi yana gurɓata kalarsa tun kafin a wanke. Kada ka bar ta a mota a rufe, kada ka sa ta a akwatin babur kusa da inji. Kuma jaka ta fita ce, ba ɗakin kwanan kyamara ba. Da damina, ka dawo gida ka fitar da kyamara da idanun ka ajiye inda iska ke ratsawa, ko a roba mai murfi da 'yan ƙunshin nan masu shan laima da ake samu a kwalin takalmi. Idan ka bar su a cikin yadi mai damshi, fumfuna za ta yi saƙa a cikin gilashin, kuma in ta daɗe tana cin fuskarsa, gogewa ba ta mayar da shi.

Tunda yayan naka jirgi zai hau, in zai haɗo maka da fim, gaya masa kada ya sa shi a akwatin da ake aunawa a tura ƙasan jirgi. Ya zuba a farar leda ya riƙe a hannu, ya roƙi ma'aikatan su duba da hannu, domin sababbin na'urorin binciken kaya na CT suna iya lalata fim ɗin da ba a wanke ba ko da wucewa ɗaya ce. Idan ta iso ka ɗora kayanka a ciki ka turo mana hotonta a buɗe, in nuna maka inda za ka kafa shamakin.