Kafin ka sayi fim ɗin tarihi, duba waɗannan

Fina-finan tarihi na gaskiya, ba na wasan kwaikwayo ba, kusan kala uku ne, kuma ba zan ɓoye ba, akwai wanda na fi so.

Shi ne wanda aka gina a kan bakin waɗanda suka gani da idonsu. Dattijo na zaune, an rubuta sunansa da shekarar da aka yi hirar a ƙasan allo, yana magana yana tsayawa, wani lokaci ya yi shiru hannunsa na rawa a kan gwiwa. Ɗauki gwagwarmayar Mau Mau, mayaƙan da suka yi wa mulkin mallaka tawaye a Kenya. Turawan Ingila sun kafa dokar ta-ɓaci a 1952, kuma a labaran da suka ɗauka lokacin 'yan ta'adda suke kiran mayaƙan. Sai da tsofaffin da aka azabtar a sansanoni suka kai ƙara Landan, sannan a 2013 gwamnatin Birtaniya ta amince ta biya mutum 5,228 diyya. Fim ɗin da ya zaunar da irin waɗannan mutane ya bar su suka faɗi da harshensu, saye shi ko ya fi tsada, domin irin waɗannan tsofaffi kullum raguwa suke yi.

Na biyu, wanda aka harhaɗa daga tsofaffin labaran da ake nunawa a gidajen silima: hoton na gaske ne, amma muryar ta mai mulki ce, kuma British Pathé, kamfanin da ke ajiye irin waɗannan labarai, ya zuba kusan guda 85,000 a YouTube tun 2014, kyauta. Na uku, mai kiɗa da hotunan da aka ɗauka daga sama, ido kawai yake cikawa.

Abin da ya fi damuna shi ne jabu. Na taɓa biyan kuɗi na sauke wani fim a kan jihadin Sakkwato, muka zauna da yara muna kallo, sai ga wani dattijo da rawani, wai hoton Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ne. Shehu ya rasu a 1817, fasahar ɗaukar hoto kuwa sai a 1839 ta bayyana ga duniya. Har yau ƙaramar 'yata wannan fuskar take gani in an ambaci Shehu, kuma abin yana ci mini rai.

Yanzu kwamfuta na ƙirƙirar fuska da murya, don haka ka lura. Tsayar da hoton ka ƙirga yatsu, ka duba rubutun jikin tuta ko bango, sau da yawa shirme ne. Misali, Patrice Lumumba, firaministan Kongo na farko, da Faransanci ya yi jawabinsa na ranar samun 'yancin kai, 30 ga Yuni, 1960. In ka ji shi yana rattaba shi da Ingilishi da muryarsa, haɗi ne. Mai sayarwa kuma in ya ce maka "hotunan da aka ɓoye shekara ɗari", riƙe kuɗinka. Kafin ka biya, nemi ganin ƙarshen fim ɗin, inda ake jera sunayen ma'ajiyoyin da aka samo kowane hoto. In babu wannan jerin, wuce.