Wane Keke Ya Dace da Hanyar Kogin Danub, Daga Passau Zuwa Biyana?

Ƙanena da ke karatu a Jamus ya kira ni wata Asabar da yamma, murya cike da ɗoki. Ya ce, "Yaya, na ga wani keken hawan dutse mai manyan tayoyi an rage masa kuɗi. In saya? Da shi nake so in bi Danub a hutun nan." Na ce masa ya riƙe kuɗinsa tukuna, ya bari in gaya masa yadda hanyar take, don hanya ita ke zaɓar keke.

Daga Passau, garin da ke bakin iyakar Jamus da Ostiriya inda kogunan Inn da Ilz suke zubawa cikin Danub, zuwa Biyana babban birnin Ostiriya, tafiyar kusan kilomita 320 ce. Ta fi Kano zuwa Kaduna nisa, ba ta kai Kano zuwa Abuja ba. Yanki ne na doguwar hanyar keke da ake kira EuroVelo 6, wadda ta taso daga gaɓar Atilantika a Faransa har Bahar Aswad. Mafi yawanta kwalta ce sumul, kuma wurare da dama tsohuwar turba ce da dawakai suke bi a zamanin da suna jan jiragen ruwa da igiya. Doki mai jan jirgi ba ya hawan tudu, shi ya sa hanyar take a shimfiɗe. In ka bi inda ruwa ya nufa, gangarawa kake yi a hankali, abin da bai kai mita 200 ba a duk tsawon tafiyar, iska kuma galibi daga yamma take busowa, wato a bayanka. Mutane sukan gama cikin kwana biyar zuwa bakwai, kilomita 50 ko 60 a rana.

To, mai keken hawan dutse me zai yi da shi a nan? Tayoyin nan masu ƙuraje an yi su ne don laka da tsakuwa. A kan kwalta sai gurnani, suna shan ƙarfin ƙafarka a banza, kuma da yawa daga cikin irin waɗannan kekunan ba su da inda za a ɗaura kariyar ɗora kaya. Keken tsere shi ma ban ba da shawararsa ba. Yana da sauri, amma a duƙe za ka wuni, idonka a kan taya maimakon kogi, kuma siririyar tayarsa tana wahala a titunan duwatsu na tsohon garin Passau da Dürnstein. Akwai na tsakiya, mai kan keken tsere da taya mai ɗan faɗi, wanda matasa suke yayi yanzu. In kana da shi, zai kai ka lafiya. In saye za ka yi musamman, bai zama dole ba.

Wanda ya dace shi ne wanda Jamusawa ke kira Trekkingrad, keken doguwar tafiya. Duk lokacin da na gan shi sai in tuna Rale ɗin iyayenmu: ana zama a miƙe, ga kariya a baya, ga fitila, ga murfin taya mai tare ruwa da laka, ga ƙafar jingina. Bambancin shi ne ya fi sauƙin nauyi kuma yana da giya. Nemi mai taya inci 28, faɗinta tsakanin milimita 37 da 42, da kariyar da aka rubuta tana ɗaukar kilo 25. Masu shago za su ja ka da maganar ƙarfe da alminiyam, su ce ƙarfe ana iya yi masa walda ko'ina. Gaskiya ne, amma wannan hujja ce ga mai ratsa hamada. A bakin Danub da wuya ka yi rabin wuni ba ka wuce mai gyaran keke ba, don haka alminiyam ya wadatar.

Maganar giya ba ta da tsawo. Akwai ta waje mai faifai-faifai da sarƙa ke hawa, akwai ta cikin cibiyar tayar baya, irin Shimano Nexus mai takwas. Ta ciki ba ta son gyara sosai kuma ana iya canja ta a tsaye, sai dai in tayar baya ta yi faci, cire ta akwai aiki. Rohloff mai 14 ita ce sarauniyarsu, amma kuɗinta ita kaɗai ya sayi keke sukutum, kuma hanyar nan ba ta nemi haka ba.

Inda ya kamata mutum ya zauna ya yi tunani sosai shi ne keke mai batir. A dokar Tarayyar Turai injinsa wat 250 ne, yana taimaka maka ne kawai in kana taka feda, kuma da ka kai gudun kilomita 25 a awa sai ya saki. Ba babur ba ne. Amfaninsa a bayyane yake, kuma ina girmama shi. Na ga dattawa masu furfura, miji da mata, suna tafe kafaɗa da kafaɗa suna hira a wurin da ba don batirin ba da ɗaya ya bar ɗaya a baya. Mai ciwon gwiwa, ko wanda ya daɗe rabonsa da keke, ko wanda iska ta juyo masa daga gabas wuni guda, zai gode wa Allah da wannan na'ura.

Amma nauyinsa yakan kai kilo 25 tun kafin ka ɗora kaya. Na ga abin da hakan ke nufi a madatsar ruwa ta Jochenstein, inda mai son tsallakawa ɗaya gaɓar sai ya hau matakala da kekensa. Wani bawan Allah ne a gabana, ya kai shekara saba'in, ya cire jakunkuna ya ajiye a ƙasa, ya tura keken taki uku ya tsaya yana haki, hannunsa na rawa a kan birki. Muka kama masa mu biyu. Da muka kai sama bai iya magana ba sai da ya zauna. Haka abin yake wajen shiga jirgin ƙasa, haka wajen ƙananan jiragen fito na Schlögen, inda kogin ya yi lanƙwasa kamar zai koma inda ya fito, hanyar gaɓar arewa kuma ta ƙare dole sai an shiga ruwa. Ga caji kowane dare, wanda yake da sauƙi a masauki amma da wahala ga mai kwana a tanti. Sannan ga abin da mutane da yawa ba su sani ba sai sun isa filin jirgi: ba a yarda fasinja ya hau jirgin sama da batirin da ya wuce Wh 160 (ma'aunin yawan wutar da batir ke riƙewa) ba, na keke kuwa yakan kama daga 400 zuwa sama. Wanda zai zo daga nesa ya cire ran zuwa da nasa. Ra'ayina shi ne, matashi mai lafiya ba ya bukatarsa a wannan hanya. Kuɗinsa ya ninka na keken ƙafa sau biyu ko uku, a kan tudun da babu shi.

Wannan ya kawo mu ga tambayar da ƙanena bai yi ba, wadda kuma ita ce ta fi muhimmanci: dole ne ma sai an saya? A Passau akwai masu ba da hayar keke da za ka karɓa a can ka ajiye a Biyana, ka biya ɗan ƙari na mayarwa. Akwai kuma kamfanonin da ke haɗa komai, keke da masauki da ɗaukar akwatinka daga wannan otal zuwa na gaba, kai dai ka taka. Wannan ya fi tsada, kuma ya ɗaure ka da inda za ka kwana ko da jikinka na son tsayawa da wuri, amma ga mai iyali ko mai tafiyar farko hutu ne babba. Ga wanda bai taɓa yin doguwar tafiya a keke ba, haya nake zaɓa masa. Bayan kwana shida zai san abin da jikinsa ke so, sai ya saya da ido buɗe.

Sai dai a kula. Ni an taɓa ba ni keken haya da ya fi ƙarfin tsayina, aka ce shi kaɗai ya rage, na karɓa don ina sauri. Kafin in isa Linz gwiwata ta dama ta fara zafi, wuyana ya sage saboda miƙa hannu. Kwana biyu ina tafiya da ciwo a wurin da ya kamata in ji daɗi. Don haka ka aika musu tsayinka tun kafin ranar, in ka je ka hau ka zagaya, ka matse birki biyun, ka duba tayoyi ko sun suɗe. In ka zauna a sirdi ka sa dunduniya a feda tana ƙasa, ƙafarka ta miƙe daidai ba tare da ƙugunka ya karkace ba. In bai yi ba, kada kunya ta hana ka cewa a canja.

Kuɗin da ka tsira da shi, ka zuba shi a wuraren da jiki da kaya ke taɓa keke. Na farko jakunkunan rataya a kariya. Kada ka goya jaka a baya, gumi da ciwon kafaɗa za su gallabe ka tun ranar farko. Ruwan sama a kwarin nan ba ya sallama, ko a tsakiyar bazara. Ortlieb Back-Roller, guda biyu lita 40, ana naɗe bakinsu a ɗaure, ruwa ba ya shiga ko an wuni ana tafkawa. Vaude ma na yin irinsu masu kyau. Masu araha da ake lulluɓe wa rigar leda kuwa, ruwan da taya ke fesowa daga ƙasa yakan sami hanya. A nan ne sayen nagari yake mayar da kuɗi gida, don jakar za ta bi ka shekaru ko ka canja keke. Na biyu sirdi. Mai faɗi mai laushi kamar katifa yana yaudara a shago, bayan awa uku shi ke goge cinya. Na fata irin Brooks yana da daɗi, amma sai ya sha ɗaruruwan kilomita kafin ya saba da mai shi, saboda haka kada a fara tafiya da sabo. Wando mai soso a ciki ya fi kowane sirdi taimako, kuma ana sa shi a ƙarƙashin dogon wando, sutura ba ta taɓu ba. Taya kuwa, in naka keken ne, Schwalbe Marathon tana da kauri a ciki mai hana ƙaya da kwalba. Ka haɗa da famfo, robar cikin taya guda ɗaya, kayan faci da makulli mai ƙarfi. Hular kwano dole ce a dokar Ostiriya ga yaron da bai kai shekara 12 ba, ni kuwa ina ganin babba ma ya sa.

Ka bar wuri a jaka don guzuri. Kantuna a Ostiriya a rufe suke ranar Lahadi, kuma a ƙananan ƙauyuka abincin gidajen cin abinci yakan haɗa da naman alade. Burodi, cuku, 'ya'yan itace da ƙaramar darduma mai naɗewa ba su da nauyi. Kafin ka tashi kuma ka duba labarin ambaliya, don kogin yakan haura hanyar: ya shanye tsakiyar Passau a watan Yunin 2013, ya kuma yi ɓarna a arewa maso gabashin Ostiriya a Satumbar 2024.

Duk wannan lissafi, wurin da za ka gane amfaninsa shi ne Wachau, kwarin da ke tsakanin Melk da Krems, kusan kilomita 36, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2000. A nan hanyar tana ɗan hawa da sauka cikin ƙauyuka da gonakin inabi da aka sassaƙa a jikin tsauni hawa-hawa. A watan Yuli ana ajiye kwandunan wani ɗan itace da ake kira afirkot a bakin hanya, jajaye-jajaye, ƙanshinsu na tarbar ka tun daga nesa. A Spitz akwai jirgin fito da aka ɗaure da waya, ƙarfin ruwa kaɗai ke tura shi zuwa ɗaya gaɓar, ba ƙarar inji, sai motsin ruwa a jikin ƙarfe. Can sama da Dürnstein ga kangon ganuwar da aka tsare Sarki Richard na Ingila a 1192. Wanda yake zaune a miƙe, bayansa ba kaya, gwiwarsa lafiya, shi ke ɗaga kai ya ga duk wannan.

Ƙanena ya fasa sayen keken dutsen. Ya yi hayar keken doguwar tafiya daidai tsayinsa, ya sayi jakunkuna biyu da wando mai soso, ya tsara tafiyarsa yadda zai shiga Biyana ta gaɓar arewa ranar Juma'a da hantsi, don ya sami salla a babban masallacin Floridsdorf da aka buɗe a 1979, wanda hasumiyarsa ke kallon kogin.