Giant Robo ko The Big O? Ɗauki Giant Robo

Ɗan'uwa, tunda kuɗin faifai ɗaya ne a hannunka tsakanin waɗannan katun biyu na Japan masu ƙaton mutum-mutumin ƙarfe, ka sayi Giant Robo, wanda aka fitar daga 1992 zuwa 1998. Duka biyun suna cikin durowata, amma shi ne nake yawan ɗaukowa.

Kashi 7 ne kacal, sai da ya ci kusan shekara 6 kafin a gama shi, kuma tsakanin kashi na 6 da na 7 masu kallo sun yi jiran fiye da shekara 2. In ka kalla za ka ga inda lokacin ya tafi. Da hannu aka zana shi, motocin ciki da jiragen da tufafin mutane duk irin na zamanin da, labarin kuma mai littattafan zane Mitsuteru Yokoyama ne ya ƙirƙiro shi a 1967. Daraktan, Yasuhiro Imagawa, ba a ba shi damar amfani da sauran jaruman labarin na asali ba, sai ya shiga sauran littattafan Yokoyama ya kwaso mutanensu, har da mayaƙan tsohuwar Sin masu takobi da gora, ya tsayar da su kusa da ƙaton mutum-mutumin ƙarfe. Kiɗan kuwa Masamichi Amano ne ya tsara, babbar ƙungiyar makaɗa ta birnin Warsaw a Poland ta kaɗa.

Ɗan yayata yana aji shida na firamare na kunna masa. Yaro ne da ba ya iya zama wuri ɗaya, amma da ya ga Daisaku, jarumin labarin, sa'ansa ɗan shekara 12, yana ba ƙaton umarni ta agogon hannu, bai ƙara motsi ba. Da aka kai inda makamashin Shizuma, wanda duk duniyar labarin ta dogara da shi, ya mutu, biranen duniya suka shiga duhu, sai ya juyo ya tambaye ni ko laifin mahaifi yana bin ɗa. Tambayar da labarin ya ginu a kanta ke nan, kuma yaron da kansa ya kamo ta. Mun daɗe muna maganar a daren.

The Big O na kamfanin Sunrise, 1999, ba laifi. Birnin da mutanensa suka manta komai shekara 40 baya, jarumi mai baƙar kwat da doguwar mota, ka ce Batman ne, dama kamfanin ya taɓa yin aikin katun ɗin Batman. An tsaya a kashi 13, sai da ya karɓu a Amurka tashar talabijin ta Cartoon Network ta sa kuɗi aka ƙara 13 a 2003, ƙarshen kuma ni dai bai ƙosar da ni ba. Daraktansa Kazuyoshi Katayama ma ya yi aiki a Giant Robo kafin nan, don haka gara ka fara daga tushe.

Sai dai ka buɗe ido da masu sayarwa, musamman na intanet da masu tura fim a waya. Abu uku ne ke amsa sunan Giant Robo: wasan talabijin na 1967 da mutane suka yi, wannan na Imagawa, da wani katun na 2007 mai kashi 13. Wasu sun san bambancin sarai, su miƙa maka na 2007 su karɓi kuɗin wancan. Ka ƙirga kashi 7, kowanne kusan minti 40 ko fiye, ka ga sunan Imagawa a jikin kwalin. Ka sa a kunna maka kashi na 7 a gabanka, ka kuma duba fassarar da ake rubutawa a ƙasan allo ko tana tafiya daidai da magana. Wanda ya ce sai ka tura kuɗi kafin ya nuna hoton faifan, rabu da shi.