Bye Bye Africa: Daraktan da bai rufa wa kansa asiri ba

Ban cika ganin fim ɗin da mai shi ya tona kansa kamar Bye Bye Africa ba. Mahamat-Saleh Haroun, haifaffen Abeche a ƙasar Chadi, shi ya shirya shi a 1999, shi ya kuma fito a ciki da sunansa na yanka: darakta mazaunin Faransa da aka sanar da shi rasuwar mahaifiyarsa, ya tattara ya koma Njamena bayan shekara da shekaru rabonsa da gida.

Da kyamara a hannu yake zagaya garin, yana neman abin da ya sani da ƙuruciya. Gidajen silima irin su Normandie duk sun lalace, jama'a sun koma ɗakunan kallon bidiyo. Abokinsa Garba, wanda a da yake haska majigi, ya bar sana'ar. Mahaifinsa kuma ya faɗa masa ido da ido cewa finafinansa na Turawa ne, da likita ya zama da ya amfani mahaifiyarsa. Wannan magana ta tsaya mini a rai.

Amma inda fim ɗin ya fi taɓa ni shi ne labarin Isabelle. Ta taɓa fitowa a wani fim ɗinsa a matsayin mai cutar ƙanjamau, shi ya koma Turai abinsa, ita kuwa dangi da maƙwabta suka ɗauka da gaske tana da cutar, suka guje ta. Duk wanda ya san yadda ake yi wa 'yan matan Kannywood hukunci da rawar da suka taka zai gane zafin abin. Haroun bai wanke kansa ba ko kaɗan, ya bar mu muna kallon sakacinsa har abin ya kai ta ga hallaka.

Akwai gyara. Tsakiyar fim ɗin tana jan ƙafa, hirarrakin neman kuɗin shirya fim sun yi tsawo, kuma wanda ba ya jin Faransanci ko Larabcin Chadi sai ya nemi kwafin fim ɗin mai fassara a rubuce.

Duk da haka ina ba da shawarar a kalle shi, musamman masu harkar fim. Ya samu kyautar fim ɗin farko a bikin finafinai na birnin Venis da ke Italiya a 1999. Silimar Normandie kuwa an gyara ta an sake buɗewa a 2011, bayan wani fim ɗin Haroun ya ciyo kyauta a bikin finafinai na birnin Kan da ke Faransa.