Ladan Malami Ɗaya ko Ladan Makaranta Duka

Shugaban makaranta a Zariya da yake son ƙarfafa wa malamansa gwiwa yana da zaɓi biyu: ya saka wa malamin da ɗalibansa suka fi cin WAEC da NECO, ko ya auna makarantar gaba ɗaya ya raba ladan ga kowa.

Hanyar farko tana da sauƙin lissafi, amma illarta tana da zurfi. Malamin da ya san ƙarin albashinsa ya dogara ga fin abokin aikinsa zai riƙe dabarunsa na koyarwa, ya guji ajin da yaransa suka yi rauni, wani lokaci ma ya kau da kai idan ana satar amsa. A Atlanta ta Amurka, matsin sakamako ya sa malamai suka riƙa gyara amsoshin ɗalibai, har kotu ta hukunta wasunsu a 2015. Jarrabawar da gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare a 2017, wadda ta kai ga sallamar sama da 21,000, ita ma kowa ta auna shi kaɗai.

Hanya ta biyu tana sa tsohon malami ya ja sabo a jiki, domin ɗalibin da ya ci lissafi a aji shida ya bi ta hannun malamai da yawa tun daga aji ɗaya. Matsalarta ita ce malalaci yakan fake a bayan masu ƙwazo ya karɓi rabonsa, sai dai shugaban da yake leƙa azuzuwa yana duba littattafan shirin darasi zai iya gano shi, shi ya sa a ganina ta fi dacewa.