Wata Tara a Wata Cibiyar Abinci da Motsa Jiki a Sakkwato Bayan Tiyatar Rage Tumbi

An yi mini tiyatar rage tumbi a birnin Alƙahira a watan Oktoba na 2024, irin wadda ake yanke kashi 75 zuwa 80 cikin ɗari na tumbin a fitar da shi, a bar wa mutum wani ɗan siriri mai siffar ayaba. Na dawo Sakkwato bayan kwana goma da jakar magunguna da takarda mai shafi huɗu wadda aka ba ni a kan abin da zan riƙa ci. Takardar nan ita ce mafarin wahalata, domin an rubuta ta ne saboda mutumin da zai sauko daga bene ya sayi cuku da yogot marar maiƙo da kifin teku a kantin unguwarsu, alhali kuwa abin da ake girkawa a gidana tuwon shinkafa ne da miyar kuka, da rana kuma a dama fura. Wannan ne ya kai ni wata cibiya a cikin gari da ta haɗa ɗakin motsa jiki da ofishin mai ba da shawara kan abinci, kuma ga shi na cika wata tara ina zuwa. Ba zan kama sunan wurin ba, saboda akwai maganar da zan yi wadda ba yabo ba ce, kuma mutanen ba su yi mini laifin da zan tsaya ina nuna su da yatsa ba.

Abin da ya riƙe ni a wurin shi ne malamar da ke kula da sashen abinci. Ranar da na fara zuwa, ina cikin mako na uku da tiyata, ta karanta takardar Alƙahira daga farko har ƙarshe, ta ajiye ta gefe, sannan ta ce, “Alhaji, wa ke yi maka girki?” Da na ce uwargida, sai ta ce to zaman nan ba zai yi amfani ba sai da ita, in je in zo da ita jibi. Ran da muka koma tare, ta ɗauko ƙaramin farantin da ake ɗora kofin shayi a kai da cokalin shayi guda, ta tura su gabana, ta ce wannan shi ne akushina daga yau. Na yi dariya, ita kuwa ko murmushi ba ta yi ba. Daga nan ta ɗauki matakan da likitoci suka tsara, wato ruwa-ruwa zalla a makonni biyun farko, sai niƙaƙƙen abinci, sai mai laushi, kafin a koma abinci irin na kowa wajen mako na shida zuwa na takwas, ta mayar da kowane mataki zuwa abin da ake samu a kasuwarmu. A madadin yogot ta sa kindirmo marar sukari wanda aka tabbatar an tafasa madararsa, a madadin cuku ta sa awara, wadda mu nan muka fi sani da ƙwai-da-ƙwai, amma dafaffiya a cikin romo ba soyayya ba, a madadin kifin teku kuma tarwaɗa da karfasa na Kwalkwalawa, a dafa su luguf a cire ƙaya. Ƙosai ta soke shi saboda mai, ta ce ai waken ɗaya ne da na alala, a yi alalar.

Ita ce ta fahimtar da ni lissafin furotin, wato sinadarin da ke gina tsoka, wanda ake so mai irin tiyatata ya samu giram 60 zuwa 80 a kullum. Ƙwai ɗaya bai wuce giram 6 ba, ke nan da a ce da ƙwai kaɗai zan cika adadin, sai na ci goma ko fiye, ni da a lokacin rabin ƙwai yake cika ni har in ji shi a maƙogwaro. Saboda haka ta raba mini cin abinci gida shida, kuma ta kafa mini doka ɗaya wadda har yau nake bi: nama ko kifi ko wake a fara, ganye irin su zogale da rama su biyo baya, tuwo kuwa sai in an sami sauran wuri, wanda galibi ba a samu.

Inda muka fi jan daga shi ne a kan fura. Duk wanda ya tashi a ƙasar Sakkwato ya san fura ba abin marmari ba ce a wurinmu, abincin rana ce, kuma baƙo ma da ita ake tarbarsa. Na ɗauka tun da ruwa-ruwa ce, ita ce za ta fi dacewa da ƙaramin tumbi, ashe nan ne tarkon yake. Malamar ta bayyana mini cewa abin da tiyatar ta rage shi ne wurin da abinci mai kauri yake tsayawa, da kuma ɓangaren tumbin da ya fi fitar da sinadarin da ke sa jin yunwa, amma duk abin da ake kurɓa zarcewa yake yi ba tare da ya cika mutum ba. Don haka mutum na iya kasa cin loma biyar ta tuwo, amma ya shanye ƙwaryar fura da sukari a cikin awa guda, kuma ta irin wannan hanya, tare da shayi mai zaƙi da zoɓo da lemun kwalba, ƙibar take komowa bayan shekara biyu ko uku. Ba ta haramta mini ita ba, sai dai ta juya ma'aunin: kindirmo ya yi rinjaye, furar ta zama ɗan gutsure, babu sukari, kuma a ƙirga ta a matsayin abinci guda daga cikin shidan. Sau ɗaya na karya wannan doka a majalisarmu, a wata na uku, na sha kofi guda na furar da aka dama wa kowa. Ba a yi minti ashirin ba gumi ya keto mini, zuciyata ta shiga bugawa da sauri, jiri ya ɗebe ni har sai da na kishingiɗa a kan tabarma. An fi ganin wannan ga waɗanda aka yi wa tiyatar karkatar da hanji, amma masu irin tawa ma yana samun su idan zaƙi ya faɗa hanji da yawa a lokaci guda. Da na ba ta labari, cewa kawai ta yi jikina ya yi mini karatun da ita ta kasa.

Maganar ruwa kuma a garin da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu ba ƙarama ba ce. Ana so a sha lita ɗaya da rabi zuwa biyu a yini, amma ba a kwankwaɗa, sai kurɓi-kurɓi, kuma ba a haɗa shi da abinci, sai an ba da tazarar kamar rabin awa. Dabarar da ta yi mini ita ce ta ɗaura shan ruwan a kan lokutan salla: gora ɗaya ta ƙare kafin Azahar, ta biyu kafin Magariba, ta uku kafin in kwanta. Wanda ya rubuta takardar Alƙahira ba zai taɓa kawo wannan a ransa ba.

Da Sarkin Musulmi ya sanar da ganin watan Ramadan, aka tashi da azumi ranar 1 ga Maris na 2025, ina da wata biyar kacal da tiyata. Na je mata da niyyar in yi azumi, kuma na yaba da yadda ta tsaya a iyakar iliminta. Ta ce ita ba mai ba da fatawa ba ce, abin da ta sani shi ne tumbina ba zai iya ɗaukar ruwan yini guda tsakanin buɗa-baki da sahur ba, in kira likitan da ya yi aikin, sannan in kai maganarsa gaban malamina. Likitan ya hana, malamin kuma ya karanta mini ayoyin Baƙara da suka ba marar lafiya damar ramawa daga baya. A Sallar layya ma ta riga ta gargaɗe ni a kan soyayyen nama da kilishi, na ƙi ji, wani yanki ya tsaya mini a ƙirji kusan awa guda, daga nan na koma farfesun da ya dahu har yana zagwanyewa.

Sai dai ko a sashen nata akwai giɓi. Mai irin wannan tiyata yana shan ƙwayoyin bitamin har iyakar rayuwarsa, musamman B12, saboda ɓangaren da aka cire yana cikin masu samar da abin da ke taimaka wa jiki tsotse shi, ga kuma sinadarin ƙarfe da kalsiyam da bitamin D. Ta koya mini in raba ƙarfe da kalsiyam da tazarar awa biyu, kada kuma in kora maganin ƙarfe da shayi, kuma ta ja mini kunne a kan ibuprofen da diclofenac da ake miƙo wa mutum a kyamis da zarar ya ce jikinsa na ciwo, domin suna iya jawo gyambon ciki. Amma cibiyar ba ta da wani tsari na tuna wa mutum gwajin jinin da ya kamata ya yi a wata na uku da na shida da na goma sha biyu. Ni da kaina na tuna da na wata shida bayan lokacinsa ya wuce, aka tarar ƙarfen jinina ya yi ƙasa. Haka kuma a teburin karɓar baƙi suna sayar da garin furotin na gwangwani da tsada, kuma yarinyar da ke wurin takan nuna wa mutum kamar idan bai saya ba tiyatarsa ta tashi a banza, alhali malamar da ke ciki ta ce mini kindirmo da madarar gari marar maiƙo sun wadatar da ni tun daga wata na biyu.

Ɗakin motsa jikin kuwa, nan ne kuɗina ya fi ciwo. Bango ɗaya ne tsakaninsa da ofishin malamar, amma kamar garuruwa biyu ne da ba su da hanya. Matashin da ke horarwa mutumin kirki ne mai ladabi, Baba yake ce mini, sai dai iliminsa na masu tara ƙwanji ne. A zuwana na farko ya shimfiɗa tabarmar roba ya ce in kwanta in riƙa tasowa don teɓa ta zube, ya kuma miƙo mini ƙarafuna, alhali likitoci sun hana ɗaukar abu mai nauyi har tsawon mako huɗu zuwa shida, don kada hanji ya turo ta inda aka huda. Da ban karanta wannan a takardata ba, da na bi shi. Haka ya yi ta ce mini in ɗaga gora in shanye bayan kowane zagaye, kuma ya yi mini alkawarin cewa fatar da ta saki a cikina da damatsana za ta koma daidai idan na dage, abin da ba gaskiya ba ne, domin motsa jiki tsoka yake ginawa a ƙarƙashin fata, ba ya mayar da fatar da ƙiba ta shekara ashirin ta buɗa. Injinan tafiya uku ne, ɗaya ya lalace tun zuwana kuma har yau yana nan an rufe shi da zane. Idan aka ɗauke wuta ba a tayar da janareto sai mutane sun kai adadin da manajan yake so, ga ɗakin a saman bene a ƙarƙashin kwano, ta yadda a bazara bayan ƙarfe goma na safe ba ya shiguwa. Uwargida, wadda ta yi rajista don ta ƙarfafa mini gwiwa, ta daina zuwa bayan wata guda, saboda awa biyu kawai aka ware wa mata kuma babu mace mai horarwa, sai dai a nuna musu injina a fita.

Duk da haka ba zan ce ban amfana da ɗakin ba. Wanda yake ramewa da sauri ba kitse kaɗai yake zubarwa ba, har da tsoka, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba manya shawarar motsa jiki na minti 150 zuwa 300 a mako tare da atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu. Daga wata na uku, bayan likita ya ba ni izini, matashin nan ya koya mini ja da igiyar roba da tsugunno da ɗaga ƙananan ƙarafuna yadda ba zan ji wa bayana ciwo ba, kuma a wannan fannin ya san aikinsa. Sauran mintocin kuwa a titi nake cika su kyauta, ina tafiya da sauri bayan sallar Asuba a kewayen filin wasa na Giginya kafin rana ta ɗaga.

Na shiga asibiti da kilo 136, jiya sikelinsu ya nuna 98. A tsakani akwai mako uku da allurar sikelin ta ƙi motsi, na tayar da hankalina, malamar ta auna ƙuguna da igiyar tela ta nuna mini yana raguwa. Likitana ya rage mini maganin hawan jini, zaman tahiya ya daina zame mini aiki, manyan rigunana kuma duk sun je wurin tela. 'Yan majalisa, waɗanda suka daɗe suna tambayata a asirce ko wani ciwo nake ɓoyewa, yanzu sun saba da ganin ina zuwa da ɗan farantina ina ɗiba daga tiren ciyayya, ina tauna har su gama su wanke hannu.

Da farko cibiyar ba ta yarda a biya kuɗin sashe ɗaya a bar ɗaya ba, kuma kuɗin duka biyun a wata ya yi wa ma'aikacin gwamnati irina nauyi. A watan jiya na zauna da manajan na ce ko dai ya raba mini, ko in tafi gaba ɗaya, ya amince in riƙa biyan ganin malamar sau ɗaya a wata, ɗakin motsa jiki kuma in biya na ranar da na shiga, wato Litinin da Alhamis. Wanda zai je bayan irin wannan tiyata ya tafi da takardar likitansa da mai yi masa girki, ya nemi wannan rabon tun ranar farko, kada kuma ya shiga ɗakin motsa jikin sai likita ya ce ya shiga. Gwajin jinin shekara guda zai kama a Oktoba, kuma a wannan karon na rubuta ranar da hannuna a jikin kalandar ɗakina.